Ƙorafin Jan Biro

Kunne suke kiransa a ofis. Dogo ne ya raɗa masa sunan, wai kowa da hannunsa yake neman abinci, shi kuwa da kunnuwa. Bai taɓa jin haushi ba, don ba ƙarya aka yi masa ba.

Kamfanin ɗan ƙarami ne, ɗaki biyu a saman wani shagon tayoyi, kuma abu ɗaya tal suke yi: wata manhaja mai suna Gefe. In mutum ya sa ta a kwamfutarsa, yana cikin karanta shafin intanet sai ya ja layi ƙarƙashin jimla, ya rubuta abin da ke ransa a gefen shafin, kamar yadda ɗalibi ke yi wa littafinsa. Dogo da abokan aikinsa ne ke gina ta. Manaja kuwa ta kafa doka tun farko cewa kamfani ba zai leƙa abin da mutane ke rubutawa ba, ba zai ma duba ko sun buɗe manhajar ba. Saboda haka hanya ɗaya ce ta sanin halin da ake ciki: a kira mutane a tambaye su. Wannan ne aikin Kunne.

Teburinsa na can lungu kusa da firinta, inda warin sabuwar roba ke hawowa ta taga. Ranar da ya fara aiki Manaja ta zaunar da shi ta koya masa ƙa'ida. Kada ka sa wa mutum magana a baki. Kada ka kare manhajar ko da an zage ta. Kada ka faɗi naka ra'ayin. In ya yi shiru kai ma ka yi shiru, shirun ne zai ciro sauran maganar. Wasu da suka riƙe aikin kafin shi sun kasa jure wannan shirun, shi kuwa ya same shi kamar rigar da aka ɗinka da awonsa. Tun da suka rabu da matarsa, ta tafi da 'yarsu wani gari, ɗakinsa ya koya masa shiru fiye da yadda kowace manaja za ta iya.

Yawancin mutanen da yake kira ba su da lokacinsa. Wata ɗalibar jinya takan ɗauka tana tafiya, ana jin takalmanta a kan siminti. Wani mai fassara yakan amsa da baki cike. “Ba laifi.” “Tana aiki.” “In ka gama zan shiga aji.” Kafin ya gyara zama an kashe.

Sai Jan Biro.

Tsoho ne da ya ƙare rayuwar aikinsa yana gyaran rubutu a wata maɗaba'a, har abokan aikinsa suka manta sunansa na yanka suka bar masa na abin hannunsa. Ɗansa ne ya sa masa Gefe, ya kuma saka lambarsa cikin waɗanda suka yarda a riƙa tuntuɓarsu. Kiran farko Kunne ya ware masa 'yan mintuna, sai ga shi an tashi cin abincin rana an dawo suna nan. Daga nan Talata ta zama tasu.

“Ɗana, ka zo da kunnenka ko ka baro shi a gida?”

“Na zo da duka biyun, Baba.”

“To, buɗe na dama. Wanda ya zaɓi launin nan da kuke jan layi da shi, yana da gaba da idon mutane ne? Ka rubuta wannan. Ka rubuta?”

“Na rubuta, Baba.”

Ƙorafi ɗaya sai ya haifi labari uku. Daga launi a tafi wani mawallafi da ya taɓa yin kuka saboda an cire masa waƙafi, daga nan a faɗa kan marigayiya matarsa, wadda takan ce jan biro ya aura, ita kuwa aro aka yi ta. Kunne na riƙe da ƙa'ida, ba ya cewa komai sai “uhm” da “sai kuma me, Baba?” Amma da ya ajiye waya yakan ji kamar ya ci abinci mai ɗumi. Ranar Litinin da yamma har yakan tsinci kansa yana goge rigar da zai sa gobe, alhali waya ba ta nuna riga.

Babban ƙorafin tsohon ɗaya ne, kullum yana komawa kansa. Akwatin rubutun da ke fitowa a gefe, in ji shi, yana fizge ido daga layi. A mayar da shi ƙasan shafi.

“Gefe wurin mai gyara ne, ɗana. Mai karatu ƙasa yake dubawa. Kun ɗauki kowa kun mai da shi ma'aikacin maɗaba'a ba tare da albashi ba. Ka rubuta?”

Kunne ya kai wannan magana taro yadda aka faɗe ta, aka kwashe da dariya. Mako na gaba ya kai wata. Sannu a hankali Jan Biro ya zama kamar ɗaya daga cikin ma'aikata, in gardama ta kaure sai wani ya ce, “To me Baba ya ce?” Dogo ya iya kwaikwayon muryarsa ba tare da ya taɓa jin ta ba. Ƙarshe dai Manaja ta yanke hukunci: a sauko da akwatin ƙasa.

“Sunanta Gefe, za mu kai ta ƙasa,” in ji Dogo. “Sai mu sake mata suna Gindi ke nan. Kunne, Allah ya isa tsakanina da kakan nan naka.”

Ya yi ta mita, amma ya yi aikin. Makonni ya shafe a kai, har idanunsa suka yi ja.

Kafin a saki sabon tsarin ga kowa, al'adar kamfanin ce a je a ga mutum yana amfani da shi a inda ya saba zama. A nan ma akwai ƙa'ida: ka zauna a bayansa, ka kalli hannunsa, kada ka taimaka ko da ya ɓata. Manaja ta ce ai ba sai an yi shawara ba, wanda ya nema shi za a fara kai wa.

Kunne ya shiga bas da hantsi. Ya sauka a ƙarshen layi, ya bi wani titi mai shagunan walda da na gyaran firji, har ya kai wani gida mai koren ƙyaure. Matar ɗan tsohon ce ta buɗe, da kayan aiki a jikinta da jaka a kafaɗa, da alama ta ɗauki uzuri ne don ta tarbe shi. Ta dube shi kamar mai son cewa wani abu, sai dai ta ce, “Bismillah, yana ciki. Tun safe yake tambayar ko ka iso.”

Ɗakin cike yake da littattafai har kusa da rufi. Tsohon na zaune a kujera mai hannu kusa da taga, sanye da farar riga mai guga da tabarau mai kauri. Bai kai girman muryarsa ba. Ya miƙo hannu da fara'a, hannun ya tsaya ɗan nesa da inda Kunne yake tsaye, Kunne ya matsa ya kama.

“Ashe kai ne! Na ɗauka dogo ne kai. Muryarka ta dogaye ce. 'Yata, kawo masa shayi, ki sa sukari da yawa, mutanen kwamfuta ba sa cin abinci.”

Kwamfutar na kan wani ƙaramin tebur, an lulluɓe ta da ƙyalle. Da aka buɗe ta ƙi tashi. Surukar ta shiga neman abin caji, ta duba bayan kujera, ta duba ƙarƙashin gado, sai can ta zaro shi daga ƙasan wata durowa, a naɗe cikin leda. Da kwamfutar ta farfaɗo, Gefen da ke ciki tsohuwa ce, mai koren maɓallin da Dogo ya cire tun bara. Kunne ya lura, amma ya ce a ransa tsofaffi ba sa son sabunta abu. Ya sa sabuwar, ya buɗe wani shafi mai dogon rubutu, ya tura teburin gaban tsohon, ya koma baya ya zauna.

“Baba, ka yi yadda ka saba. Ka ɗauka ba na nan.”

Jan Biro ya gyara tabarau, ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Hannunsa ya lalubo linzamin kwamfutar ya fara motsa shi. 'Yar kibiyar ta gudu can saman kusurwa ta maƙale, inda babu rubutu ko ɗaya. Ya danna, ya sake dannawa. A ƙasan shafin kuwa ga akwatin nan zaune, fari fes, daidai wurin da ya yi wata da watanni yana roƙo a kai shi.

“Ka gani ko?” in ji tsohon, yana nuna gefen dama da yatsa, inda babu komai. “Ga shi nan dai a gefe, yana leƙen mutum kamar maƙwabci mai gulma. Sau nawa zan faɗa muku? A sauko da shi ƙasa! Ka rubuta?”

Kunne ya dubi yatsan, ya dubi akwatin. Ƙa'ida ta ce kada ya taimaka, kada ya gyara. Bai taɓa gode wa ƙa'idar nan kamar ranar ba, don ba don ita ba bai san abin da zai yi da bakinsa ba.

“Na rubuta, Baba.”

Surukar ta raka shi har bakin ƙyaure, ta ja ƙyauren ta rufe a bayanta.

“Ka gane ko, Malam?”

“Tun yaushe?”

“Tun bara ya fara. Yanzu haske da duhu kawai yake bambancewa. Ya hana a faɗa wa kowa.” Ta gyara jakarta. “Mijina yana aiki a nesa, ni kuma da safe na fita sai yamma. 'Yan uwa suna zuwa gaisuwa, ba a ce ba sa zuwa ba. Amma duk mako zama yake yana shirya abin da zai gaya maka, ina jin sa yana maimaitawa shi kaɗai a ɗaki. Don Allah, kada ka nuna masa ka gane.”

Ya yi mata sallama ya nufi inda zai hau bas.

Da ya koma ofis sai ya yi abin da ya kamata ya yi tun tuni. Ya sa abin sauraro a kunne, ya bi tsofaffin hirarrakin da ya naɗa, na masu gajeriyar amsa. Ga ɗalibar jinya, cikin ƙarar takalmanta: “A gefen nan ya fi min, ina karatu ina ganin abin da na rubuta.” Ga mai fassara, da baki cike: “Kar dai ku taɓa min gefen nan.” Ga wani, ga wata. Duk sun faɗa, kowa a jimla guda, ba karin magana, ba labari. Shi ne bai kai taro ba, don ba maganar da za ta sa a yi dariya ba ce. Ya ɗauki daɗin baki ya auna shi da mudun gaskiya.

Kwanakin da suka biyo baya ya yi su yana juya abin kamar mai gasa nama. In ya yi shiru, mutane da yawa da bai taɓa gani ba za su tashi wata safiya su tarar an kwashe musu abu daga inda suka saba ajiye shi. Kowannensu zai ɗan ji haushi, ya yi tsaki, ya saba ko ya bar manhajar. In ya yi magana, mutum ɗaya ne zai ji ciwo, amma ciwon zai kai ƙashi. Ta yaya ake auna ƙaramin haushin mutane da yawa da babban ciwon mutum guda? Ya kuma ce a ransa, ai makanta ba ta soke ilimi. Wataƙila tsohon gaskiya yake faɗa game da ido da layi. Sai wata zuciyar ta amsa masa cewa ba ilimi aka aike shi ya ɗebo ba, shaida aka aike shi, kuma shaidar wanda bai gani ba sunanta daban. Abin da ya fi cin sa shi ne tambaya ta uku, wadda takan zo masa in yana wanke kofinsa guda ɗaya a bakin famfo: tsohon yake tausayi, ko Talatarsa yake karewa?

Ranar taro ya faɗi komai. Ya kunna musu muryar ɗalibar jinya da ta mai fassara.

Dogo ya cire tabaraunsa ya ajiye a hankali. “Wato makonnin nan duk riga nake ɗinka wa wanda ba zai sa ba? Kunne, ashe kai ma ba ka ji, shi ba ya gani. Kun haɗu, Allah ya bar ku tare.”

Ba wanda ya yi dariya, shi ma Dogon ya ji maganar ta yi nauyi, ya sunkuyar da kai yana wasa da biro.

Manaja ba mai son dogon zance ba ce. Ta ce a mayar da akwatin gefe, a ajiye aikin Dogo ko wata rana zai yi amfani. Bayan an watse ta tsayar da Kunne.

“Ba zan sa ka yanke shi ba. Awa ɗaya a mako ba za ta talauta mu ba. Ka ci gaba da kiransa, ka saurare shi, kawai kada ka sake kawo mana a taro. Shi bai sani ba, mu ba mu cutu ba. Kowa ya huta.”

“Na gode, ranki ya daɗe.”

Ya fita yana jin kamar an sauke masa kaya. Talata ta zo, da yamma ya kira. Bai danna maɓallin naɗar murya ba, bai buɗe komai ba, hannuwansa na kan cinyarsa. Tsohon ya zo da sabon ƙorafi, an shirya shi tsaf, da gabatarwa da misali da abin dariya a ƙarshe. Kunne na ji yana hango shi cikin farar rigarsa, yana maimaita waɗannan jimlolin shi kaɗai tun ranar Laraba.

“Wannan mai muhimmanci ne, ɗana, ka tabbata shugabarku ta ji. Ka rubuta?”

Ya buɗe baki zai ba da amsar da ya saba, sai ya fasa. A gidan tsohon ya faɗe ta, amma a lokacin akwai inda maganar za ta je. Yanzu kuwa mutum ne mai furfura yake ɗebo ruwa da ƙarfinsa yana miƙo masa, shi kuma yana karɓa da godiya yana zubarwa ta baya. In wannan tausayi ne, to irin wanda ake yi wa yara ne da waɗanda hankalinsu ya gushe.

Ya tashi da wayar ya fita kan matakala, inda ake jin masu tayoyi na buga ƙarfe a ƙasa.

“Baba, ban rubuta ba.”

“Biro ya ƙare?”

“Ranar da na zo gida, akwatin yana ƙasa. An riga an sauko da shi, saboda kai. Yana gabanka kana nuna gefe.”

Shiru ya yi tsawo. Wannan karon ba na ƙa'ida ba ne.

“Yarinyar nan ce ta faɗa maka?”

“A'a, ita roƙona ta yi in rufe. Ni na gani.”

“To, ka fi ni.” Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. “An sauko da shi, ka ce? Ya yi kyau?”

“Ya yi kyau. Amma an mayar da shi gefe. Sauran mutane can suka fi so.”

“Masu idanu.”

“Baba, ba wai zan daina kira ba ne. Zan kira da wayata. In ka yarda ma in riƙa zuwa ranar hutu, in gaishe ka.”

“Ka gaishe ni.” Tsohon ya maimaita kalmar kamar yana duba ta ko da kuskure. “Ɗana, masu gaishe ni ba su ƙare ba. Jiya ma ƙanena ya zo da 'ya'yansa. Ya jiki, Baba? Da sauƙi. Allah ya ƙara sauƙi. Amin. Shi ke nan, an gama da ni, sai a koma kallon waya. Mai gaisuwa amsa ɗaya yake nema, kuma ya san ta tun daga gida. Kai kaɗai ne kake tambayata abin da ba ka san amsarsa ba.”

Kunne ya jingina da bango. Akwai tambaya a bakinsa, ta gaske, wadda bai san amsarta ba: 'yarsa ta kusa gama firamare, ko ya kamata ya je ba tare da an gayyace shi ba, ko zuwan zai ɓata mata ranar. Ya daɗe yana son ya tambayi wani babba. Amma in ya yi ta yanzu, tsohon zai ɗauka sadaka ce aka ƙirƙiro masa don a share masa hawaye, kuma ba yadda za a yi ya rantse masa cewa ba haka ba ne. Da can kuma, lokacin da za a yarda da ita, ƙa'ida ta hana.

“Ban ce ka yi laifi ba,” in ji Jan Biro. “Ni ma da na ga kuskure a shafi ba na barinsa don mai littafin abokina ne. Sai dai ban taɓa tsayawa na ga fuskar waƙafin da na cire ba.” Aka ji motsin ƙofa a can ɓangaren. “Ga 'yata ta dawo, lokacin ɗiga magani ya yi. Ka gaida dogon nan naku, ka ce ya yafe min wahalar da na ba shi.”

“Baba, in zo ranar hutun?”

“Bari dai in ga yadda jikin zai yi.”

Ya kashe.

Kunne ya ɗan jima a kan matakalar kafin ya koma teburinsa. Sauran lokacin da aka ware wa tsohon yana nan da yawa, don haka ya kira ta gaba. Ɗalibar jinya ta ɗauka tana haki, da alama bene take hawa.

“Manhajar? Lafiya lau take, ba matsala. Shi ke nan?”

“Ko akwai wani abin da kike so ki ƙara?”

“Babu. Sai an jima.”

Ya rubuta abin da ta ce, kalma bayan kalma, ya duba ko ya bar wani abu. Sannan ya zauna da abin sauraron a kunnensa, ba kowa a ɗaya ɓangaren, yana jiran agogo ya kai lokacin kira na gaba.